Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 Daga Kwamitin Kiyaye Haɗurra Zuwa Ga 'Yan Ƙungiya

Assalamu alaikum. Iyayenmu dattawan ƙungiya, shugabanni, 'yan uwa direbobin manyan motoci da yaranmu na mota, ga bayanin abin da kwamitinku ya yi a wannan shekara, da abin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Lissafin kuɗi yana cikin rahoton ma'aji, don haka ba za mu maimaita shi a nan ba.

Mun shiga shekarar ne da juyayi. Ranar 18 ga Janairu tankar mai ta kife a mahaɗar Dikko da ke jihar Neja, wuta ta tashi, mutum fiye da 80 suka rasu, yawancinsu waɗanda suka zo kwasar mai. Wannan kuwa ya zo ne wata uku kacal bayan na Majiya a ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa, ranar 15 ga Oktoban 2024, inda aka rasa mutum fiye da 150. Allah ya jiƙansu da rahama. Bayan haka ne hukumar kula da harkar mai ta NMDPRA ta hana lodin tanka mai ɗaukar lita 60,000 daga 1 ga Maris. Mafi yawanmu hatsi muke ɗauka daga Dawanau da shanu daga Wudil, Maigatari da Potiskum, 'yan tanka a cikinmu kaɗan ne, amma mutumin gari ba ya rarrabewa. In ya ga babbar mota, "direban tirela" kawai yake gani, kuma duk abin da ɗaya ya yi a wuyanmu duka yake rataya.

Aikin da kwamiti ya fara da shi shi ne faɗakarwa a tasha, kamar yadda aka saba. Mun gayyato jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC sun yi magana da mu a farkon damina da kuma watannin ƙarshen shekara, lokacin da hanya take cika. Sun tuna mana ƙa'idar gudu ta tirela da tanka: kilomita 45 a awa cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya. Da aka faɗi 60 ɗin, sai da aka yi 'yar dariya a bayan rumfa, kuma kowa ya san dalili. Dokar saka na'urar taƙaita gudu a motocin haya ta fara aiki tun 1 ga Fabrairun 2017, amma a dubawar da muka yi mun tarar da motocin da na'urar tana nan a jiki, wayarta ce a cire. Ana mayar da ita in an kusa wurin bincike. Kwamiti bai ɗauki wannan a matsayin wayo ba, kuma duk motar da aka samu haka an rubuta lambarta an kai wa mai ita.

Ra'ayin kwamiti, bayan shekara guda ana wannan zama, shi ne wa'azi kaɗai ba zai rage tuƙin ganganci ba. Babu direban da ya kai shekara goma a kan sitiyari da bai san gudu na kashewa ba. Yawancinmu mun wanke gawar abokin aiki. Abin da ke sa mutum ya taka mota ba jahilci ba ne, tsarin biyan kuɗi ne, kuma a nan muka fi ɓata lokaci a bana.

Ga yadda abin yake. Mai mota yana auna wa direba gas na zuwa Legas ko Fatakwal da dawowa, sau da yawa a ƙuntace. Abin da ya rage a tanki na direba ne, abin da ya gaza kuma daga aljihunsa. To me zai hana shi sakin mota a firi a gangare don ya tsira da 'yan litoci? Motar da ke ɗauke da buhu ɗaruruwa, in aka cire mata giya a gangare, injin ya daina riƙe ta, nauyin duka ya koma kan burki. Burkin ya yi zafi, ko iska ta ƙare a tanki saboda yawan takawa, sai ka ji ƙafarka ta nutse babu komai. Abin da jarida ke kira "shanyewar burki" sau da yawa daga nan ya faro. Haka kuma biyan kuɗi a kan kowace tafiya, ba albashin wata ba, shi ke sa mutum ya sauke kaya da asuba ya juyo da hantsi ba tare da ya runtsa ba. Daga nan sai neman abin da zai hana barci: goro da shayi mai kauri tukuna, sannan gadagi, sannan ƙwaya. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA na kama tiramadol kullum, amma wanda ke neman ta a bakin tasha bai taɓa rasawa ba.

Saboda haka kwamiti ya zauna da masu motoci da wakilan 'yan kasuwar da ke ba mu lodi. Mun kai buƙatu uku: a riƙa auna gas daidai da nisan hanya da nauyin kaya, a ware wa direba kuɗin abinci da na kwana daban, sannan a daina yi wa direba tara in ya makara saboda ya tsaya barci. Wasu daga cikin iyayen gidanmu sun amince da ta biyu da ta uku nan take, Allah ya saka musu. Maganar gas ce ta tsaya. Hujjarsu ita ce tsadar mai da kayan gyara da abin da ake kashewa a shingaye, kuma ba ƙarya suka yi ba. Amma mun ce musu kuɗin lita ashirin ba ya kama ƙafar kuɗin kan mota ɗaya da ya tafi rami. Za a koma teburin bayan azumi.

Sai maganar ɗaukar fasinja a kan kaya, wadda ta fi kowace tayar da jijiyar wuya a taronmu na tsakiyar shekara. Duk wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Tafa ko Lambata zuwa Bida ya ga tirela da mutane zaune a kan buhuna ko a kan katakon da aka gitta saman shanu. A Satumban 2024 a yankin Agaie, tanka ta yi karo da motar da ta haɗa mutane da shanu, aka rasa mutum fiye da 40. Masu kare abin a cikinmu sun ce taimako ne, talaka mai tafiya cin rani ba shi da kuɗin bas. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai kuɗin da ake karɓa a hannun mutanen nan ba sadaka ba ce, kuma in mota ta faɗi, na sama ne ke fara mutuwa, direba kuma shi ke kwana a ofishin 'yan sanda. Taro ya yanke cewa motar da ta yi lodi a tasharmu ba za ta fita da kowa ba sai direba, yaransa da masu rakiyar dabbobi da aka rubuta sunansu. A cikin tasha dokar ta zauna. Matsalar ita ce wasu na fita fes, su tsaya bayan gari wajen Kwanar Dangora su kwashi mutane. Wannan kam kwamiti ba shi da ido a can, sai in ku kuka kawo rahoto.

Duba lafiyar mota kafin fita ya samu karɓuwa fiye da yadda muka zata. Bakanike da mai faci na tasha suna zagaya mota kafin a ba ta takardar fita: burki, iska, fitilun baya, ƙugiyar da ke haɗa kai da bodi, da taya. An koya wa yaran mota karanta shekarun taya. A gefenta akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. FRSC na ɗaukar taya ta tsufa in ta shekara huɗu daga ranar da aka yi ta, ko da zanenta bai goge ba. Wani yaron mota, da ya gano, sai ya bi layin motoci yana durƙusawa yana karantawa da ƙarfi, har ya tona asirin wata 'yar gwanjo da aka shafe da baƙin mai aka sayar wa maigidansa a matsayin sabuwa. Mun kuma raba alamar gargaɗi mai kusurwa uku da ke ƙyalli da dare, don a daina dogaro da ganye da duwatsu in mota ta lalace. Ganye ba ya haske, kuma duwatsun nan da ake bari a kan titi bayan an gyara mota su ma suna kayar da 'yan babur.

An yi gwajin ido da na hawan jini da sukari kyauta a tasha, da taimakon wasu ma'aikatan lafiya masu sa kai. Dattawa da yawa sun ƙi zuwa don tsoron kada a ce su ajiye tuƙi. Muna sake jaddadawa cewa sakamakon na mai shi ne, ba ya zuwa hannun mai mota, kuma yawancin waɗanda aka samu da matsala tabarau kawai suka buƙata.

Kan lasisi, har yanzu akwai yaran da ake miƙa wa sitiyari da dare maigida ya koma gadon baya. Kowa a nan ta haka ya koya, ba mu musa ba. Amma tirela lasisin aji G take buƙata, kuma asusun ƙungiya zai ci gaba da ranta wa duk yaron da maigidansa ya shaida ya ƙware kuɗin yin lasisi, ya biya a hankali.

Mun yi rashin 'yan uwa a hanya a bana, wasu kuma suna kwance. An kai wa iyalansu gudummawar asusun taimako, kuma za a karanta sunayensu a yi musu addu'a a babban taro.

Abubuwan da za a kaɗa ƙuri'a a kansu a taron su ne: hukuncin wanda aka kama da fasinja a kan kaya karo na biyu, ko a yarda a riƙa gwajin ƙwaya kafin lodi, da ƙarin kuɗin asusun taimako. Kowa ya zo da katinsa, kuma a tabbata kowane yaron mota yana da lambar gaggawa ta FRSC, 122, a wayarsa.

Wassalam.
Sakataren Kwamiti, a madadin mambobi.