Wasiƙa zuwa Gembu: batun injin kwance noti

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya sanyin Mambila? Ya uwargida da yara, sun fara sabawa da wurin kuwa? Mu nan Kano lafiya lau, sai zafi da ya kunno kai.

Na ga saƙonka, kuma na jajanta maka abin da ya same ka tsakanin Serti da Mayo Selbe. Taya ta yi faci a wannan hanya, ga iyali a mota, ga noti ya ƙi motsi sai da wani direba ya tsaya ya zura bututu a sifana, ai dole hankali ya tashi. Allah Ya kiyaye gaba. Shawarar da ka yanke ta sayen injin kwance noti mai batir, wanda kanikawa ke ce wa impak, ta yi daidai. Amma wanda ka turo mini hotonsa, mai 588V a jikin kwali, wai ƙarfin wutar batirinsa ke nan, don Allah kada ka taɓa shi.

Irinsa na fara saya bara waccan. Jan kwali, ba sunan kamfanin da aka sani, an rubuta 88V da manyan baƙaƙe, mai shago har da rantsuwa. Ranar da na gwada shi a ƙofar gida, ya yi ta ƙara kamar zai tsaga ƙarfe, soket na ta karkarwa a kan notin, amma notin ko gezau. Kafin in kai taya ta biyu batirin ya yi zafi ya mutu. Na kai wa wani mai gyaran lantarki ya buɗe shi a gabana. 'Yan batura biyar muka tarar a ciki, marasa nauyi, ba ko rubutu a jikinsu. Shi ya fahimtar da ni lissafin: kowane ɗaya 3.6V yake bayarwa, biyar ɗin suka zama 18V, idan kuma an cika caji kowane ya kai 4V sai ka ga 20V. Ka ga ke nan 18V da kamfanin Makita ke rubutawa da 20V da kamfanin DeWalt ke rubutawa duk abu guda ne. Wanda ya ce maka 88 ko 588 a ɗan batirin da bai fi tafin hannu ba, ƙarya yake, kuma mai yin ƙarya a nan zai yi ta a sauran lambobin.

Lambar da za ka duba ita ce ta ƙarfin murɗawa, wadda ake rubutawa da Nm. Notin tayar Corolla irin taka 103 Nm kamfani ya ce a ɗaure shi. To amma wa ke ɗaure shi haka? Mai faci ya hau sifana da ƙafa, ko ya sa bindigar iska ya matse iya matsewa, sannan ruwan saman Mambila ya zo ya sa masa tsatsa. Kwance irin wannan yana cin ninki biyu ko uku na abin da aka rubuta. Shi ya sa nake ganin mai 400 zuwa 500 Nm na gaskiya ya ishe ka. Zai kwance taya, zai yi maka aikin birki da shokozoba, har babban notin shaf na gaba, wanda ake ɗaurewa da fiye da 200 Nm, yawanci ba ya gagarar sa. Masu 1,000 Nm na masu manyan motoci ne. Sun fi tsada, nauyinsu ya kusa ninki biyu, ba sa shiga lungu, kuma kafin ka ankara sun karya maka ƙusa.

Ka lura wasu kamfanonin lamba biyu suke bayarwa, ta ɗaurewa da ta kwancewa. Makita DTW300, alal misali, 330 Nm yake ɗaurewa, amma wajen kwancewa ya kai 580. Idan ka ga lamba ɗaya tak a kwali mai araha, ka ɗauka babbar suka rubuta.

Bakinsa ya zama mai kusurwa huɗu, rabin inci. Na nanata wannan ne saboda akwai ƙaninsa da suka yi kama sosai, mai ɗan rami a baki, na ɗaura sukuru a katako, kuma masu shago kan miƙo shi su ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Na motar, a cikinsa akwai guduma da take bugun wani ƙarfe kamar uwar maƙera, sau dubbai a minti ɗaya. Wannan bugun ne ke girgiza noti ya saki, kuma shi ya sa ba ya murɗe maka hannu. Idan kuɗinka ya kai, ɗauki wanda aka rubuta motar lantarkin da ke juya shi ba ta da burushi, don ba ya saurin zafi kuma caji ya fi daɗewa.

Yanzu batun suna. Makita da DeWalt da Milwaukee da Bosch ba a magana, sai dai kuɗinsu, ga kuma jabu da ya cika kasuwa har da kala da tambari. Ga mai mota ɗaya da zai ɗauko injin sau biyu ko uku a wata, ni Ingco ko Total zan nuna masa. 'Yan China ne, amma suna da dillalai a ƙasar nan, kuma idan batir ya mutu za ka samu wani. Wannan shi ne abin da ya fi damuna, domin injin kan yi shekaru, batir ne ke fara tafiya. Nemi mai 4Ah (Ah shi ne awon yawan cajin da batir ke riƙewa), biyu idan da hali, tunda ka ce wuta ba kullum ba. Mai 2Ah yana saurin sanyi da zarar noti ya yi gardama. Idan kuma ɗan'uwanka na Amurka ya ce zai aiko maka, a duba caja tukuna: tasu ta wutar 120V ce, tamu 230V, kana jonawa za ta ƙone.

Kada kuɗin ya ƙare a kan injin. Rage na soket baƙaƙe, masu kauri, waɗanda aka yi domin bugu, za ka ga Cr-Mo a jikinsu. Farare masu ƙyalli na akwatin sifana suna iya tsagewa, ɓarɓashin ya nufi ido. Lamba 21 ita ce ta tayarka, ka haɗa da 17 da 19 saboda motar maƙwabci. Sai sifana mai awo, wadda ke yin ƙas idan ta kai inda ka saita. Ni a wurina ta fi injin muhimmanci. Injin na kwancewa ne. Wajen mayarwa, fara kowane noti da yatsunka har ya shiga zarensa, ka ɗan matsa da injin a ƙaramar giya, kana tsallakawa daga wannan zuwa na daura da shi, ka sauke mota ƙasa, sannan ka ƙarasa da mai awo a 103. Notin juye baƙin mai da fulogi kuwa, kada injin ya kusance su. Kuma ina roƙonka, kada ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, sai ka tokare ta da ƙafar ƙarfe.

Batirin kada ya riƙa kwana a but. Can sama da sauƙi, amma in ka gangaro Jalingo ko Yola ka bar mota a rana, zafin zai cinye shi. Ajiye shi a ɗaki, sai za ka yi tafiya ka cika shi ka ɗauka.

Farashi yana canzawa kusan kowane mako, don haka ban rubuta maka ba. Ranar Asabar in Allah Ya yarda zan shiga Sabon Gari da Ƙofar Ruwa in taya, in sa a gwada a kan tayar motata kafin in biya. Ka faɗa mini iya abin da ka ware, da kuma wanda zai taho Kano cikin watan nan in ba shi ya kawo maka. In zai yiwu, a riƙo mini ganyen shayin nan naku ko ƙulli biyu.

Ka gaishe mini da uwargida da yara. Mutanen gida duk suna gaishe ku.

Naka har kullum,
amininka na Kano.