Muhawarar ba da tazara saboda korona a WhatsApp da Facebook

Ya mai girma Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili in yi tsokaci a kan gardamar dokar ba da tazara da ta mamaye zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook na mutanen Maraɗi bayan ranar 19 ga Maris 2020, lokacin da aka tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Yamai, har hukuma ta rufe makarantu da masallatai.

Abin da ya fi damuna a lokacin shi ne saƙonnin murya, domin su ne ke isa ga wanda bai iya karatu ba, kuma mafi yawansu suna cewa cutar ba ta kama baƙar fata ko kuma zafin rana yana kashe ta, alhali likitoci sun bayyana cewa tana yaɗuwa ta ɗigon yawun da ke fita wajen tari, atishawa da magana, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bar tazarar mita ɗaya aƙalla.

Sai dai a lokacin masu kare dokar ma suna da nasu laifin. Suna zagin talaka da jahilci, sun manta cewa mai tura a babbar kasuwa da ɗan kabu-kabu ba su da abincin gobe idan suka zauna gida, kuma gidan da mutum goma ke kwana ɗaki biyu ba ya da wurin tazara.

Ina kira ga jami'an lafiya da malamanmu su riƙa naɗar bayani da Hausa, su tura shi cikin waɗannan zaurukan, su kuma amsa tambayoyin jama'a ba tare da tsawa ba.

Naku,
Wani mai karatu, daga Maraɗi