Zuwa ga 'yata, kafin ranar tiyata

'Yata,

Ina gaishe ki, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Daga bakin ƙanwarki na ji, ba daga naki ba, cewa kin zaɓi a yi miki gashin kansar maman nan, wato kashe ƙwayoyin cutar da hasken na'ura, sau ɗaya tak a ɗakin tiyata, har kin ce wa mijinki da an ɗinke shi ke nan, kin rabu da asibiti. Zaɓin bai dame ni ba. Abin da ya hana ni barci shi ne yadda kike ɗaukar ranar tiyata a matsayin ranar sallama.

Ga abin da za a yi kina cikin barci. Likita zai cire ƙarin tare da ɗan lafiyayyen naman da ke kewaye da shi, ya ciro kaluluwa ɗaya ko biyu daga hammata don gwaji. Idan na'urar Intrabeam suke da ita, zai auna ramin da ƙarin ya bari, ya zaɓi ƙwallo daidai da shi, tsakanin santimita 1.5 zuwa 5, ya saka a ciki, ya tattaro naman da zare har ya manne da ƙwallon ta ko'ina, ya janye fata gefe don kada ta ƙone. Sai a kunna na minti 20 zuwa 50. Naman da ya taɓa ƙwallon yana samun girei 20 (girei shi ne ma'aunin yawan gashin), amma a zurfin santimita 1 ƙarfin ya ragu zuwa girei 5 zuwa 7. Shi ya sa zuciya da huhu ba sa shan wahala. Shi ya sa kuma duk ƙwayar cutar da ta yi nisa da ramin, gashin ba zai kai gare ta ba.

Yanzu ki saurare ni da kyau. A lokacin da ake gashin, babu wanda ya riga ya ga cikakken sakamakon naman da aka cire. Wannan sai bayan kwanaki, wani lokaci mako biyu. Sakamakon ne zai nuna ko akwai cuta a gefen yankan, ko ta shiga kaluluwa, ko irin wadda ke yaɗuwa a ɓoye cikin mama ce. A babban binciken TARGIT-A, wanda aka fitar da sakamakonsa na dogon lokaci a 2020 kan mata 2,298, kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda aka yi wa gashi a tiyata sai da aka ƙara musu gashin waje, wato wanda ake haskawa daga wajen jiki, na makonni. Da haka aka tsara maganin tun farko. Da wannan ƙarin ne aka samu cewa cutar ta dawo wa kashi 2.11 cikin ɗari a shekara 5, a kan kashi 0.95 na masu gashin waje. A binciken ELIOT na Milan a Italiya, inda aka ba da girei 21 sau ɗaya da wata na'urar daban, bayan shekara 15 ta dawo a maman kashi 12.6 cikin ɗari, a kan kashi 2.4 kawai na masu gashin waje. Yawan mace-mace bai bambanta ba, gaskiya ne, amma dawowar cutar sau da yawa na nufin a cire maman gaba ɗaya, abin da kike gudu ke nan.

Na san ki. Kina jin sauƙi sai ki ajiye magani a aljihun tebur, tun kina ƙarama haka kike, kuma kin san abin da hakan ya jawo mana a shekarar da kika haifi na biyu. Kina cewa na cika takura. To, na takura ɗin. Idan aka kira ki aka ce sai an ƙara gashi kika ce aiki ya yi miki yawa, wallahi ba zan yi shiru ba, ko mijinki ya ji haushi. Gashin waje ma yanzu ba na mako 5 ba ne dole, ana yin zama 15 a mako 3, wasu ma zama 5 a mako ɗaya.

Kin faɗa wa likitan maganar gwaggonki? Kada ki rufe don kunya ko don ba ma son tunawa. Wannan hanyar ta gashi sau ɗaya ta fi dacewa da mace mai shekara 50 zuwa sama, ƙarin bai wuce santimita 2 ba, guda ɗaya ne, mai amsa sinadarin estirojin, kaluluwa kuma lafiya lau. Wadda ta gaji matsalar BRCA, wato tangarɗar ƙwayar halitta da ke bin dangi tana ƙara haɗarin kansar mama, ba a cika sa ta a wannan sahun ba. Shekarunki sun kai, amma a duba sauran ɗaya bayan ɗaya, a gabanki.

Bayan tiyata ruwa kan taru a ramin, a zuƙe shi da sirinji idan ya dame ki. Kitsen wurin kan taurare ya zama kamar sabon ƙari, kada ki firgita, kada kuma ki yanke hukunci da kanki, ki kai a duba. Ja, zafi, zazzaɓi ko ɗinki ya buɗe, ranar za ki koma. Idan an rubuta miki tamoxifen ko letrozole, magungunan rage haɗarin dawowar cutar, shekara 5 ne aƙalla, kullum, sannan hoton mama duk shekara.

Ki yi haƙuri da zafin maganata, tsoro ne irin na uwa. An gano abin da wuri, kuma mafi yawan matan da aka gano nasu a wannan mataki suna warkewa su ci gaba da rayuwarsu. Ki turo mini ranar da aka ba ki ta karɓar sakamako, tare za mu shiga wurin likita. Ki gaishe da maigidan da yara. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne.

Mahaifiyarki