Ranar ƙarshe a kan keke a ƙasar Holan

Malam Edita, assalamu alaikum. Ku ɗan ba ni fili a jaridarmu mai farin jini, wani abu na gani yake ta cin raina tun da na dawo.

Kwas ɗin noma ya kai ni Holan, da aka gama sai muka yi kwana 5 muna yawo a keke ni da wani abokina. Ranar ƙarshe muka taso daga garin Haarlem zuwa Amsterdam, kamar kilomita 20, ƙasa shimfiɗe ba tudu ba gangare, shanu masu launin fari da baƙi na kiwo gefen magudanan ruwa, kuma wallahi keke da titinsa daban, an shafa masa ja, mota ba ta isa ta hau ba. Kekunansu sun fi mutanen ƙasar yawa, dattijo da kwat da jakar ofis yana tuƙa feda ko a jikinsa.

Da yamma na nemi kwalin da zan sa keken in taho da shi gida, na kwance feda da sifana, na juya kan keken, na sace iskar taya, haka jirgi ke karɓarsa. Filin jirgin Amsterdam ɗin ma, wato Schiphol, fa ƙasa yake da tsayin teku, ikon Allah.

Na sauka Kano, ranar kasuwa na hau keken, tirela ta kusa watsa ni cikin gonar gero, yara kuma suna ta cewa Malam ya je Turai ya dawo ko mashin bai saya ba. To hukuma, ko gefen titi a gyara mana mana.

Naku, mai karatu daga Ringim, Jigawa.