Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe,

Bara aka yi wa ƙanwata tiyatar haihuwa a wani asibiti. Wata biyu tana fama da zazzaɓi, ɗinkin yana zubar da mugunya, ko goya jaririnta ba ta iya yi. Sai da aka sake buɗe cikin a wani asibitin aka ciro audugar da aka manta. Gonarmu ta gado ce ta tafi a kuɗin aiki na biyu. Da muka koma neman fayil ɗinta, aka ce ya ɓata. Dattawan gida suka ce ƙaddara ce, a bar wa Allah. Mun yi imani da ƙaddara, amma addinin da ya koya mana ita shi ne ya ɗora diyya a kan mai sakaci.

Kai likita ne, ka san inda gizo ke saƙa. Hukumar MDCN mai kula da aikin likitoci tana da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa, tana iya yi wa likita gargaɗi, ta dakatar da shi, ko ta soke sunansa daga rajista. Amma ko sisi ba ta biyan wanda aka cuta. Mai neman diyya sai ya tafi babbar kotu, ya ɗauki lauya, ya kuma samo likitan da zai yi shaida a kan abokin aikinsa. Ina talaka zai iya?

Tun dokar inshorar lafiya ta 1999 aka wajabta wa asibitocin da ke cikin shirin su yanki inshorar biyan majinyaci idan an yi masa kuskure. A unguwarmu dai ban taɓa jin wanda aka biya ba. Ina roƙonka ka kai maganar gaban kwamishinonin lafiya na jihohi, kada a sabunta wa asibiti lasisi sai ya nuna takardarta. Mai ƙyamar riba ga kamfanonin takaful nan, wato inshorar Musulunci, da hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ba lasisi. Kuɗin kuma ya fito daga asusun asibiti, ba daga albashin ƙaramin likitan da ya kwana biyu a tsaye ba. In aka ɗora musu, sauran ma za su bi 'yan'uwansu zuwa Saudiyya da Ingila.

Kundin haƙƙoƙin majinyata da aka ƙaddamar a 2018 ya ba mara lafiya damar ganin bayanan jinyarsa. A liƙa shi da Hausa a kowane ɗakin haihuwa, kuma asibitin da ya ɓatar da fayil a ɗora masa laifin.

Wassalam,
Yayan wata majinyaciya