Kafin ki rabu da baƙin keken ɗinkin nan

Assalamu alaikum ɗiyata,

Ina fata kina lafiya ke da maigidan da yaran gaba ɗaya. Saƙon muryar da kika turo min jiya sau uku na saurare shi, na so in kira ki amma na san in muka hau waya hirar yara ce zata cinye lokacin mu manta da zancen keken, shi yasa na zauna na rubuta miki don ki ajiye a gefenki kina dubawa kina gwadawa. Na ji yadda muryarki ta karye da kika ce wata huɗu kina haɗa ƙyallayen bargon nan, sai da kika zo haɗa shi da auduga da shafi sannan keken ya fara tsallake yana tara miki zare a ƙasa. Na san wannan baƙin cikin, na ɗanɗana shi a kan wannan keken ɗin dai.

Abu na farko da nake so ki riƙe, keken nan naki ne. Ranar da na baki na baki ne har zuciyata, kar ki zauna kina shan wahala da shi don gudun kar Mama ta ji ba daɗi. Abinda nake roƙonki kawai kar ki yanke masa hukunci a kan maganar mutumin da ko murfin ƙasa bai buɗe ba, ke da bakinki kika ce juya hannun kawai yayi sau biyu yace ya tsufa ki sayi sabo.

Ki san abinda ke hannunki tukuna. Singer 201K ne, wannan K ɗin alama ce ta masana'antarsu ta Kilbowie a Clydebank can ƙasar Sikotlan, wadda aka rufe tun 1980, kuma in kika duba lambar da aka buga a jikin gindinsa ta hannun dama za a iya gano miki shekarar da aka ƙera shi, namu dai na shekarun 1950 ne. Cikinsa duk ƙarfe ne, giya-giyan ƙarfe ne ke juya ƙugiyar da ke kama zare a ƙasa, babu roba babu allon kwamfuta. Ɗinki ɗaya ya iya a duniya, miƙaƙƙe gaba da baya, amma fa ya iya shi. Kuma ki tsaya ki yi tunani me bargo yake buƙata in ba wannan ba, layi miƙaƙƙe, bakin ɗinki kwata na inci wato wajen milimita 6 wanda baya ƙaruwa baya raguwa, ƙarfin huda hawa uku, sai fili a ƙarƙashin hannun keke inda zaki cusa bargon in kin naɗe shi. Filin nan a naki ya kai wajen inci 8, ƙananan sababbin nan da yawa basu kai haka ba.

To ki fara da allura, don Allah ki fara da allura. Tsallake in dai ya zo rana ɗaya keke yana lafiya jiya, galibi allura ce, ko ta dakushe ko ta ɗan lanƙwashe yadda ido baya gani ko ba a tura ta sama har ƙarshe ba. Auduga tana cin kaifin allura fiye da yadda kike zato, in kinyi ɗinkin awa takwas da ita ta gama aikinta. Ki sa sabuwa lamba 90/14 tunda hawa uku kike bi, 80/12 ɗin nan ki barta sai haɗin ƙyallaye. Sannan ga inda keken nan yake kama mutane, shi ɓarin allurar mai faɗi hagu yake kallo, zare kuma daga dama ake zura shi zuwa hagu, saɓanin kekuna da yawa da kika saba gani. Lokacin ina goyon yayanki na taɓa kwana ina fama da shi, na kwance na ɗaura, na canza zare kala uku, har hawaye nayi don na ɗauka na kashe wa mahaifiyata keke. Da safe ta zo ko zama bata yi ba, ta sassauta ɗan sukurun nan da farce ta juya allurar ta mayar, ta ja wani guntun ƙyalle ta taka, ɗinki ya fito jere kamar ba shi ba. Har yau ina ganin yatsunta biyu a kan allurar nan.

Zaren da yake cunkushewa a ƙasa kuma kar ya ruɗe ki ki tafi taɓa sukurun bobin, laifin yawanci na zaren sama ne. In kika zura zare ƙafar keke mai danne ƙyalle tana ƙasa, fayafayan tenshan ɗin masu riƙe zaren sama a matse suke zaren baya shiga tsakaninsu, sai ya tafi sako-sako ya taru a ƙarƙashi. Ki ɗaga ƙafar sama, ki zare zaren gaba ɗaya ki sake bi da shi daga farko, ki tabbata ya bi ta cikin ɗan hannun nan mai hawa da sauka. Ki duba bobin ɗin ma, lamba 66 yake ci na ƙarfe, in kin ari na wani keke irin mai tsayin nan lamba 15 ba zai zauna daidai ba ko da kin ga kamar ya shiga.

Daga nan sai wanka. Ki kwance farantin da ke ƙarƙashin allura, sukuru biyu ne, ki ga abinda zaki tarar tsakanin haƙoran nan masu jan ƙyalle. Gashin auduga yana danƙarewa a wurin ya zama kamar ƙeso, har ki ɗauka wani abu ne kamfani ya sa, ba shi bane datti ne, shi yake hana haƙoran ɗagowa su ja bargon. Ki cire shi da ɗan buroshi da tsinke, kar ki hura da baki don ciki zaki tura shi ga kuma laima. Sai ki kwantar da kan keken baya kina juya hannun a hankali, duk inda kika ga ƙarfe na gogar ƙarfe ki ɗiga mai ɗigo ɗaya, ɗaya fa, har da wajen da ƙugiyar ke zagaya bobin. Man keke fari sol kawai, banda man girki banda baƙin man mota, su daskarewa suke yi su zama ƙaro su riƙe komai. Giyan su ɗan giris suke so kaɗan. In kin ji hannun yayi nauyi sosai tsohon mai ne ya bushe, ɗan kananzir a gaɓoɓin ki barshi ya kwana ki juya ki goge sannan ki sa man keke. Jikinsa kuma kar ki kuskura ki goge da sifirit ko wani maganin goge-goge, zai narkar da shafen saman ya cinye zanen gwal ɗin nan, da man keken da tsumma mai laushi ake goge shi.

In kinyi duk wannan yana tsallake har yanzu to sai a kai wa mai gyara, amma ki je kin san me kike nema. Yadda ɗinki yake ƙulluwa shi ne allura ta sauka har ƙasa, tana fara ɗagowa kamar milimita 2 da ɗan wani abu zaren yayi ɗan lanƙwasa a gefenta, a daidai wannan lokacin bakin ƙugiya ya wuce ya sarƙafo shi ya zagaya da shi bobin. In saduwar nan ta goce ko da kaɗan ne sai tsallake, masu gyara suna ce masa taimin, kuma saiti ne ake yi da sukuru ba mutuwar keke ba ce. Ki sa ya duba bakin ƙugiyar ko allura ta taɓa dukansa yayi kaushi, ana goge shi ya koma sumul. Moto kuma tunda kince wani lokacin yana gurnani baya tashi, a duba bel, a duba gawayin cikinsa, a canza wayoyin don robar jikinsu ta shekara da shekaru nasan ta fara farfashewa, wannan kam kar ki yi wasa da shi ga yara suna rarrafe. Ko moton ya ƙone gaba ɗaya a bayan keken yake a ɗaure da sukuru ɗaya, a cire a sa wani. Kuma ki tsaya a kansa ayi a gabanki in da hali, duk abinda aka cire a baki a hannu. Na taɓa barin keken nan sati biyu wajen wani mai gyara, ya dawo min da shi ya cika masa ciki da baƙin giris har yana ɓata min farin ƙyalle, ɗan murfin bobin ɗin ma ba nawa bane ya dawo da shi, sai da na nemo wani daga baya.

Abinda zai sa ni kaina ince ki haƙura shi ne in gangar jikin ta tsage, ko sandar ciki ta lanƙwashe saboda faɗuwa, ko an nemi ƙugiya an rasa. Ban da waɗannan ban san ciwon da baya gyaruwa a jikinsa ba, an ƙera su da yawan gaske kayansu suna nan a jikin 'yan uwansu da aka kwance.

Bana zagin sabon keke, kar kice tsufa ne yasa. Akwai abinda sabo zai miki wanda wannan ba zai iya yi shi kaɗai ba, zigzag, ramin maɓalli, allura ta tsaya a cikin ƙyalle duk sanda kika ɗaga ƙafarki daga feda wanda wajen juya babban bargo ba ƙaramin taimako bane, wani ma ya yanke miki zare da kansa, ga fitila mai haske. Amma na taɓa sayen wani ɗan fari mara nauyi mai ɗinki kala-kala, na ji daɗinsa shekara uku, ranar da na sa masa bargo mai kauri sai naji ƙas, giyar roba ta tsage a ciki, aka nema aka rasa irinta. Masu kwamfuta kuma in allon ya ƙone bayan kamfani ya daina yin irinsa shikenan ko komai nasa lafiya lau yake. Don haka in dai sayen zaki yi ki haɗa ɗan guntun bargo hawa uku daga gida, da inda ɗinki huɗu suka haɗu suka yi tudu, ki je da shi ki taka da kanki, kar ki yarda da siririn ƙyallen da mai sayarwa zai gwada miki. Ki auna filin daga allura zuwa jikin keken. Ki ɗaga shi ki ji nauyi, wanda kika ɗauka da yatsu biyu bargo zai ja shi ya zame a kan tebur. Ki tambaya ko ana samun kayansa da wanda ya iya buɗe shi. Masu ɗinkin bargo da yawa irin su Juki TL suke komawa, shima miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi, jikin ƙarfe, yana gudu har ɗinki 1500 a minti, kinga kenan ƙanin naki ne da sabon kaya. Wannan ƙaramin Featherweight 221 da kika gani a intanet kina sha'awa, wanda ya fito a 1933, nauyinsa wajen kilo 5, yana da daɗin haɗa ƙyallaye da ɗauka zuwa wani wuri amma hannunsa gajere ne ba zai ɗauki naɗin babban bargo ba.

Ni dai a ganina ki gyara wannan, in kin samu sarari daga baya ki ƙara da wani mai zigzag su zauna tare. Ki nemo masa ƙafar nan mai tafiya da ke jan ƙyallen sama daidai da na ƙasa, ki ce ta keke mai miƙaƙƙen ɗinki kuma mai gajeren wuya kike so, ita ce zata hana shafin tattarewa. Ki buɗe tsawon ɗinkin ya kai kamar milimita 3 in kina bin hawa uku, ki ɗan sassauta sukurun saman da ke danne ƙafa. In zane mai lanƙwasa kike so akwai sukuru a ƙarƙashin keken da ake kwancewa da hannu haƙoran su sauka. Kuma ki jawo wani tebur ki kara ta hagu da baya, bargon da yake reto a ƙasa nauyinsa yana jan allura gefe, ni ina zargin ma shi ya fara jawo miki tsallaken nan. Ki fara daga tsakiya kina fita gefe.

Yau in yara sunyi barci ki sa jan zare a sama fari a bobin, ki ɗinka layi uku a guntun bargo, ki ɗauko min hoton gaba da baya ki turo, ki ɗan ɗauko min ƙarar keken ma yana tafiya don kunnena ya san muryarsa. Ƙaramin sukudireban da ke shiga sukurun farantin yana cikin gwangwanin da na haɗa miki da shi, ƙarƙashin bobin-bobin ɗin, a naɗe cikin wani shuɗin ƙyalle.

Ki gaida maigidan, ki shafa min kan yaran. Allah ya yi miki albarka.

Mamanki