Bargon da nake saƙa wa ɗan Yaya

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Ya maigidan, ya yara, ya Kumasi da ruwanta? Wata huɗu ke nan rabona da jin ɗuriyarki. Umma ta ce in tambaye ki ko za ki zo kafin azumi, don ta san yawan kuka da daddawar da za ta ajiye miki. Amma bari in fara da abin da ke cina.

Matar Yaya na da juna biyu, haihuwa cikin hunturu in Allah ya kai mu. Na ɗauko kwarashina ina saƙa wa jaririn bargo, kuma ba fulawoyin da kika san ni da su ba ne. Mario na wasan gem ɗin talabijin na sa a kai. Shi dai, mai gashin baki da jar hula, wanda saboda shi Yaya ke kulle ɗaki don kada mu taɓa masa gem. Kin tuna yadda yake hura kaset ɗin nan mai ruwan ɗorawa in hoto ya ƙi fitowa? Ke kuwa har muka girma ba ki taɓa tsallake ramin farko ba, kullum sai ki ce abin dannawar ne ya lalace. Kada ki musa, Auta na nan da ransa, shi ne shaida.

Autan ne ma ya jawo zancen. Ya nuna min hoton a waya, ya yi ta ƙara masa girma, sai na ga ashe mutumin nan gaba ɗayansa 'yan gidaje ne masu kusurwa huɗu, 12 a kwance, 16 a tsaye, kala uku kacal: ja, ruwan ƙasa, da kalar fatar jiki. Iyakar kalolin da na'urar gem ta Nintendo ke iya ba shi ke nan a 1985 da wasan Super Mario Bros. ya fito a Japan. Gashin bakin ma ƙarancin wuri ne ya kawo shi. Shigeru Miyamoto, wanda ya zana shi tun 1981, bai sami inda zai fitar da baki ba sai ya rufe wajen da gashi, hula kuma ta hutar da shi zanen suma. Da na ji haka sai na tuna Baba yana ƙirga zare a ɗinkin hula, ɗaya bayan ɗaya har zane ya fito. Wallahi aikin iri ɗaya ne.

Na samo littafin lissafi mai gida-gida na kwafe shi tsaf. Kowane gida a takarda, ƙyalle ɗaya ne na saƙa, faɗinsa santimita 7. Shi da sararin da ke bayansa 192, na kewaye da layi biyu na shuɗi suka zama 320. Na gama 214. Haɗawar ta fi saƙar wuya, ga kowane ƙyalle da jelar zare biyu da sai na bi da allura na ɓoye. Ranar Talata na gane idonsa ya sauka da layi ɗaya, na kwance aikin dare uku. Ban yi da-na-sani ba, don da idon ya koma wurinsa sai ga fuskar ta dube ni, har ƙwalla ta zo min.

Af, an sare darbejiyar ƙofar gidanku, wai saiwarta na fasa katanga. Mai ƙosai ta koma bakin masallaci. 'Yar gidan Liman kuma an sa ranarta bayan ƙaramar Sallah, kuma ba wanda muke zato ba ne. Sauran bayani sai kin zo.

To ga damuwar. Jan uluna ya ƙare. Na koma kasuwar Sabon Gari na sayo irinsa, takardar jikinsa iri ɗaya, amma rinin ya fi duhu. Da dare ba a ganewa, da rana kuwa hula daban, wando daban. Umma ta ce jariri bai san wannan ba. Gaskiyarta, amma Yaya zai gani, shi da ya shekara nawa yana kallon jan nan. Bai ma san ina yi ba, a ƙasan akwatin Umma nake ɓoyewa, so nake sai ranar suna ya buɗe.

Ga guntun zaren nan na sa miki cikin ambulan. Don Allah ki shiga kasuwar Kejetia da shi, ki gwada a hasken rana, ba a cikin rumfa ba. Dunƙule biyu sun ishe ni. In kin samu ki bai wa direban goron nan da ya kawo saƙonki bara.

Ragowar kalolin kuwa na ƙaramarki ne. Tetris zan yi mata, gem ɗin nan na jera tubala, siffofi bakwai ne, kowace gida huɗu, ba ido ba gashin baki. Ki auno min tsawon gadonta.

Ki gaida maigidan da yara. Umma da Auta na gaishe ki.

Taki har kullum,
Aminiyarki